Daga Fitilar Reluwe Zuwa Fitilar Acaɓa: Tarihin Ƙarin Fitila a Baburan Kafanchan

Duk wanda ya tashi a Kafanchan ya san yadda hanyar Kagoro take da dare a tsakiyar damina. Kwalta a jiƙe, hazo ya sauko daga kan dutse, ga masu dawowa daga gona ko kasuwa da kaya a ka suna bin gefen titi. A 'yan shekarun nan wani abu ya ƙaru a kan wannan. Babur zai ɓullo daga kwana da farar fitila mai kashe ido, wani da biyu, wani har da huɗu, sai ka rasa inda titi yake da inda lambatu yake har sai ya wuce. Mun sha jin ƙorafi a kan haka a majalisunmu, kuma yawanci matasa 'yan acaɓa ake ɗora wa laifin. Amma da muka zauna da dattawanmu, tsofaffin ma'aikatan reluwe da malaman makaranta da makanikai, sai muka tarar ashe ƙarin fitila a babur tsohuwar al'ada ce a garin nan, iyayenmu ma sun yi. Shi ya sa muka ga ya dace mu bi abin daga tushe, mu ga dalilin da ya sa suka yi, da yadda suka yi, da abin da ya bambanta nasu da namu.

Garin da ya koyi karatun fitila daga jirgi

Kafanchan ɗin da muka sani a yau layin dogo ne ya raine ta, a ƙasar da Fantswam suke zaune tun kafin zuwan jirgi. Layin gabas da Turawa suka faro daga Fatakwal ya isa Inugu a 1916 saboda kwal, aka ci gaba da jan sa arewa ta Makurɗi har ya ratso ta nan ya haɗu da Kaduna. A 1927 aka buɗe reshen da ya tashi daga Kafanchan ya hau tudun Jos domin kwaso kuza. A 1932 aka gama gadar kogin Binuwai a Makurɗi, jirgi ya samu wucewa kai tsaye, a 1933 kuma fadar Sarkin Jama'a ta taso daga Jama'a Sarari ta dawo Kafanchan. Cikin 'yan shekaru wurin ya cika da Hausawa da Ibo da Yarabawa da mutanen ƙauyukan kewaye, kowa da abin da ya kawo shi.

A lokacin, gidajen gari aci-balbal suke kunnawa, mai ɗan hali ya sayi fitilar ƙwai. A tashar jirgi kuwa fitila aiki ce mai doka. Ma'aikacin da ke tsaye a bakin layi yana riƙe da fitilar kananzir mai gilashi kala-kala, ja na nufin tsaya, kore na nufin wuce, kuma yadda ya ɗaga ta ko ya kaɗa ta saƙo ne ga direban jirgi. Wanda ya nuna kalar da ba ita ba, ko ya bar fitilarsa ta mutu a bakin aiki, yana iya rasa aikin, domin rayukan ɗaruruwan mutane na rataye a kan wannan ɗan haske. Kakanninmu da suka yi aikin reluwe sun taso da sanin cewa wanda ke can nesa yana karanta fitilarka, yana yanke shawara a kanta. Da wannan tarbiyyar suka hau keke, da ita kuma suka hau babur daga baya.

Keke ne ya fara shiga hannun talaka. Raleigh da Hercules da Phillips, duk daga Ingila, su ne dokin ma'aikaci da ɗan kasuwa. Hawa keke da dare babu fitila laifi ne, 'yan doka suna kamawa. Wasu suna da ƙaramar fitilar kananzir da ake maƙalawa a gaba, wasu ta batir, wasu kuma ɗan injin nan da ke goga taya yana ba da wuta. Mai irin wannan injin ya san halinsa: in ka taka da ƙarfi haske ya ƙaru, in ka sassauta ya dushe, in ka tsaya ya mutu. Mu riƙe wannan, domin ita ce matsalar da ta biyo mu har kan babur.

Daga baburan Ingila zuwa kuɗin Udoji

Baburan farko da aka gani a wannan yanki na Turawa ne, jami'an mulki da 'yan mishan da ma'aikatan kamfanonin kuza. BSA da Triumph da Norton, manya masu nauyi, da kayan wutar kamfanin Lucas na Birmingham. Ɗan ƙasa da ya mallaki irinsu a wancan zamani ana nuna shi da yatsa. Sai a shekarun 1960 baburan Japan suka fara shigowa, Honda da Suzuki da Yamaha da Kawasaki, masu sauƙin kuɗi da sauƙin mai, tare da Vespa ta Italiya da muke kira Besfa, da Mobylette ta Faransa.

Abu biyu suka faru a farkon shekarun 1970 da suka shafi labarinmu. Na farko, ran 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta bar tuƙi ta hannun hagu ta koma hannun dama. Fitilar mota ana ƙera ta ne ta karkata zuwa gefen titi, nesa da idon mai zuwa, saboda haka motocin da aka ƙera don tuƙin hagu sai haskensu ya koma yana faɗawa fuskar wanda ke tahowa, har sai an gyara ko an canja. Tsofaffin direbobi suna tuna wannan lokaci, kuma a nan da yawa suka fara fahimtar cewa saitin fitila ilimi ne.

Na biyu shi ne Udoji. Kwamitin da Cif Jerome Udoji ya jagoranta ya miƙa rahotonsa a 1974, aka ƙara albashin ma'aikata, aka kuma biya su ariyas a dunƙule. Kafanchan gari ne na masu albashi: reluwe, asibiti, gidan waya, makarantu. Malamin firamare da ya shekara goma yana taka keke zuwa ƙauye sai ga shi a kan Honda Benly. Akawu ya sayi Besfa, malamin gona ya sayi Suzuki, malamar asibiti ta sayi ƙaramar Honda 50. Waɗanda suka fi ƙarfi suka hau CD 175, daga baya CD 185 da Roadmaster. A 1975 Honda ta fito da CG 125, wanda ta ƙera musamman don ƙasashe irin namu masu ƙura da ƙarancin gyara, a 1979 kuma ta kafa kamfaninta na Nijeriya, mai masana'anta a Ota ta jihar Ogun. Babur ya zama abin da ake auna mutum da shi, har wajen neman aure.

Me ya sa fitilar ba ta isa ba?

Waɗannan babura sun yi ƙarko, wasunsu har yau suna tafiya. Rauninsu ɗaya shi ne haske. Galibinsu wutarsu bolt 6 ce, ƙwan fitilar gaba kuma wat 25 ne ko 35, irin mai zaren nan da ke ba da haske ja-ja. A ƙananan babura da yawa, da Besfa marar batir, fitilar gaba kai tsaye take shan wuta daga kwayil ɗin da ke cikin maganeto, wato faifan nan mai maganaɗisu da ke juyawa tare da inji. In ka murɗa totur inji ya yi ƙara, haske ya tashi. In ka saki inji ya koma silo, haske ya koma kamar na aci-balbal.

A titunan Japan masu santsi da fitilun kan hanya wannan ba wata damuwa ba ce. A nan kuwa, duba inda malami ko ɗan kasuwa zai bi: Kafanchan zuwa Zonkwa da Kachiya, ko Kagoro zuwa Manchok a hau Ganawuri, ko Gidan Waya da Godogodo, ko Kagoma zuwa Kwoi, ban da hanyoyin burji da ke shiga ƙauyukan citta. Ƙasarmu ta fi Kano da Katsina ruwan sama nesa ba kusa ba, damina tana cin hanya, zaizaya tana buɗe rami inda babu shi jiya, gadar katako tana rasa allo. Inda hanya ta lalace dole ka rage gudu, da ka rage gudu kuma fitila ta dushe. Wato daidai wurin da ka fi bukatar gani, nan babur yake hana ka haske. Masu dabara sukan sauko giya ɗaya ko biyu su riƙe kuloci inji na kuka, don kawai fitila ta tsaya. Ga hazon damina a gindin duwatsun Kagoro, ga ƙurar hunturu, ga shanu da akuyoyi da ke kwanciya a kan kwalta don ɗumi.

Wannan ce ta haifi ƙarin fitila. Mafi sauƙi shi ne tocila mai batir uku, a ɗaure ta da robar tayar keke a kan babur, ko na baya ya riƙe yana haskawa ta kafaɗar direba. Da yawa daga cikinmu mun yi wannan aikin muna yara a bayan iyayenmu, hannu ya gaji, a ce maka ka haska ƙasa, ka daina haska bishiya. Sai waɗanda suka je wa mai wayarin ya ɗaura musu ƙaramar fitila a kan ƙarfen da ke tsare ƙafa. Ana samo irin waɗannan fitilu daga shagunan kayan gyara na 'yan kasuwar Ibo da ke sarowa daga Nnewi da Onica, ko a tsinto ta tsohuwar mota a Panteka ta Kaduna.

Abin da kwayil ya koya wa iyayenmu

A nan ne masu garaje suka sha mamaki. Wutar da kwayil ke bayarwa ƙididdigaggiya ce, an auna ta daidai da ƙwan gaba da na baya da ɗan abin da zai caja batir. In ka jona fitila ta biyu a kan waya ɗaya da ta farko, sai su raba abin da ke akwai, ka tashi da fitila biyu da ba su kai ɗaya ba. In ka ɗauko fitilar hazo ta mota, mai bolt 12 da wat 55, ka ɗora a kan babur mai bolt 6, sai ta yi ja kamar garwashi. In ka jona ta a batir, ɗan ƙaramin batirin ya ƙare kafin ka kai Zonkwa, oda ta daina kuka, sigina ta tsaya.

Akwai kuma lissafin waya. Ƙwai mai wat 35 a kan bolt 6 yana jan kusan amfiya 6, alhali a kan bolt 12 kusan 3 kawai zai ja. Ma'ana wutar da ke bi ta cikin waya ninki biyu ce, saboda haka siririyar waya tana zafi, makunni yana narkewa, kuma duk wata tsatsa a mahaɗa tana cinye haske. Mai wayarin na ƙwarai kan fara da kankare mahaɗai da gyara wayar da ke komawa jikin ƙarfen babur, sau da yawa ma daga nan sai mai babur ya ga fitilarsa ta asali ta farfaɗo, ya fasa ƙarin. Wani abin da suka lura da shi: a baburan da ba su da na'urar daidaita wuta, in ƙwai ɗaya ya mutu, wutar da ya bari sai ta taru a kan sauran ta ƙone su ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa tsohon mai Besfa ba ya rabuwa da ƙwai na ajiya a naɗe cikin tsumma.

Saboda wutar kaɗan ce, dole aka yi tattalinta. Wani dattijo a unguwarmu, wanda ya yi ritaya daga reluwe, Allah ya jiƙansa, yana da Benly da ya ƙara wa 'yar fitila guda ɗaya. A ƙasa ya ɗaura ta, daidai gwiwa, ya karkatar da ita tana kallon gefen hanya taku kaɗan a gabansa, ya shafa wa gilashin launin rawaya, ya kuma yi mata makunni nata daban. Ba ya kunna ta a cikin gari. Sai ya bar kwalta ya shiga burji, ko hazo ya rufe, sannan ya kunna, da ya hango mutum ko keke kuma ya kashe. Mun ɗauka rowar batir ce. Da muka girma muka gane akwai batun batir, akwai kuma tarbiyyar bakin layi da ya taso da ita.

Kuma abin da ya yi yana da hujja. Hazo da ƙura suna mayar da haske baya, saboda haka fitila mai ƙarfi da ke sama daidai ido sai ta gina maka farin bango a gabanka. Wadda ke ƙasa tana bi ta ƙarƙashi, tana fito da inuwar rami da dutse. Launin rawaya kuwa ya fi sauƙi a ido, har ƙasar Faransa ta wajabta shi a fitilun motocinta tun daga ƙarshen shekarun 1930 zuwa 1993.

Ba za mu ce kowa don bukata ya yi ba. Ado ma yana ciki. Samarin Besfa sun jera madubai da ƙananan fitilu da tutoci, wasu fitilun ko waya babu a jikinsu, na ranar sallah ne da rakiyar ango da hawan bikin Afan na Kagoro ran 1 ga Janairu. Ba mu kaɗai ba ne, samarin Ingila na shekarun 1960 sun yi wa Vespa da Lambretta irin wannan lodin fitilu har ya zama alamarsu. Sai dai kwayil mai bolt 6 ba ya iya kunna su duka, saboda haka adon bai cutar da idon kowa ba.

Acaɓa, baburan China da Indiya, da zuwan LED

Daga 1986, da tsarin gyaran tattalin arziki na gwamnatin Janar Babangida, darajar naira ta faɗi, sabon babur ya fi ƙarfin mai albashi. Jirgin ƙasa ya yi ta ja da baya, aikin reluwe da ya riƙe garin nan ya ragu. Baburan Udoji da aka saya don zuwa ofis sai suka koma neman abinci, mai shi ya tashi daga aiki ya ɗauki fasinja zuwa dare, ko ya ba ƙaninsa. Acaɓa ta kafu, tafiyar dare ta zama sana'a, bukatar haske ta ƙaru. A 1988 aka kafa hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, Farfesa Wole Soyinka ya zama shugabanta na farko, aka fara jin wa'azin rage fitila a rediyo da tashoshin mota.

Daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa na 2000 baburan China irin su Jincheng suka cika kasuwa da araha, Bajaj Boxer na Indiya ya biyo baya ya zama jakin ƙauye da birni. Waɗannan bolt 12 ne, wutarsu ta fi yawa, ana iya ƙara musu abu ba su durƙushe ba. Tsofaffin Benly da Roadmaster aka jingine su a zaure, wasu aka sayar wa 'yan gwangwan a kan kilo.

Babban canjin daga wani wuri ya zo. A 1993 wani injiniya ɗan Japan, Shuji Nakamura, ya fito da ƙwan LED mai shuɗin haske mai ƙarfi, wanda daga gare shi aka samu farin LED. Shi da Isamu Akasaki da Hiroshi Amano sun karɓi kyautar Nobel a kan wannan aiki a 2014. Alherin abin ya iso mana: tocilar waya, fitilar sola, fitilar mai shayi da mai tsire. Ya iso kan babur ma. Fitilar LED mai wat 10 tana ba da hasken da ya wuce na tsohon ƙwai mai wat 35, ga araha, ga ta a kowane shagon kayan babur. Iyakar da kwayil ya gindaya wa iyayenmu ta faɗi. Yau yaro yana iya ɗaura huɗu a babur ɗaya batir bai ji komai ba.

Matsalar ita ce yawancin waɗannan fitilu na aiki ne, irin na haska fili ko gona, suna watsa haske sama da ƙasa da gefe babu iyaka. Fitilar asali tana da abin da direbobi ke kira ful da dim, an ƙera madubinta ya yanke haske a wani layi don kada ya kai idon mai zuwa. Ta ƙari ba ta da wannan. Sau da yawa kuma ana jona ta kai tsaye da makulli, babu yadda za a kashe ta sai an kashe babur. A ƙara da lodi: in aka ɗora buhun citta biyu ko fasinja uku a baya, bayan babur ya zauna, gabansa ya ɗaga, hasken da aka saita a ƙasa ya koma fuskar mutane.

Mu yi lissafi. Mai tafiya a kan kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. In haske ya kashe masa ido na daƙiƙa uku, ya yi mita 50 bai ga komai ba, kuma idon dattijo ya fi na yaro daɗewa kafin ya dawo. A cikin mita 50 ɗin nan akwai mai tallan da ke komawa gida, akwai almajiri, akwai tirela da ta lalace babu alama. Shi kansa mai fitilar bai tsira ba, domin direban motar da ya makantar kansa yake nufowa. Garin gyaran gira ke nan a rasa ido. Sannan mu da muka ga dokar hana fita da shingayen jami'an tsaro a garin nan, a 1987 da 2011 da wasu lokuta, mun san abin da dallare wa mai bindiga fitila a shinge da dare ke iya jawowa. Fitilu masu walƙiyar ja da shuɗi kuwa kama da na jami'ai suke, ba na farar hula ba ne.

Ga masu tsohon babur a zaure

Abin farin ciki, wasu matasanmu sun fara fito da baburan iyayensu suna gyarawa, kuma tambayar da suka fi yi ita ce ta haske. Abin da tsofaffin masu wayarin suka gaya mana ga shi a taƙaice. A fara da gano ko babur ɗin bolt 6 ne ko 12, da kuma ko fitilarsa daga batir take sha ko kai tsaye daga kwayil. LED tana son wuta irin ta batir, mai tafiya hanya ɗaya. In aka jona ta kai tsaye a kwayil za ta yi ta ƙyaftawa, ko ta ƙone, kuma galibin na kasuwa ba sa kamawa a kan bolt 6. Wanda ya ga dole sai ya mayar da babur bolt 12, ya sani zai canja batir da ƙwayaye duka da na'urar sigina da ta daidaita wuta, wani lokaci har da sake naɗin kwayil. Kada a yanka wayoyin asali, a ja sabuwar waya daga batir, a sa mata fis kusa da batirin, a yi mata makunni nata a inda babban yatsa zai kai. Kada a huda murfin taya ko gidan fitila, a yi amfani da maƙali a kan ƙarfen tsare ƙafa, domin kayan jikin Benly da CD 175 na asali sun yi wuya, wanda aka ɓata ba lallai a samu madadinsa ba. Duk abin da aka cire a adana shi.

Saiti kuma ba ya bukatar kuɗi. A tsayar da babur a fili mai daidai, kamar taku goma daga bango, mai shi yana zaune a kai tare da irin nauyin da ya saba ɗauka. A auna tsayin fitila daga ƙasa, a yi alama a bango daidai wannan tsayi. Saman hasken ya tsaya ƙasa da alamar da kamar faɗin yatsu uku ko huɗu. Sannan mutum ya sauka, ya ba wani ya zauna, ya taka gaba ya juyo ya kalli babur ɗinsa kamar yadda mai tahowa zai gan shi. In shi kansa ya kare ido da hannu, to a sake saiti. Wannan gwajin ya shafi mai Boxer na jiya kamar yadda ya shafi mai Benly na 1975.

Ba mu goyon bayan masu cewa a cire ƙarin fitila gaba ɗaya. Wanda ke kai mai naƙuda asibiti daga ƙauye da ƙarfe biyun dare, ko mai fito da citta ta hanyar da ruwa ya cinye, yana da haƙƙin ya ga gabansa, kuma iyayenmu da sun samu LED a zamaninsu da sun yi murna. Abin da muke roƙo shi ne abin da su suka yi da 'yar wutar da suke da ita: fitila ɗaya ko biyu, a ƙasa, da makunni, a kashe a cikin gari da kuma duk lokacin da aka hango mai zuwa. A da ƙarancin wuta ne yake tilasta wannan. Yanzu wuta ta wadata, saura mu tilasta wa kanmu.

Muna kira ga shugabannin 'yan acaɓa na tashoshinmu da su sa duba saitin fitila cikin sharuɗɗan shiga layi, ga masu wayarin kuma kada su jona wa kowa fitila babu makunni ko da ya nace. Iyaye da suka saya wa yaro babur, su fita da shi bakin bango da dare ɗaya su duba tare. Waɗanda kuma suke da tsofaffin hotunan iyayensu a kan Benly ko Besfa ko Roadmaster, ko takardar sayen babur ta zamanin Udoji, muna roƙon su adana su, su kuma nuna wa ƙungiya domin mu haɗa su cikin tarihin garinmu tun masu ba da labarin suna raye.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya kiyaye mana hanya, ya kai kowa gidansa lafiya.